Mushe Ari ya tafi, kayen Yagana yana cikin jakata

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina tsaye bakin allo da alli a hannu, direkta ya leƙo ta ƙofar aji ya yafito ni. Na ɗauka maganar rajista ce. Sai ya ce, "Madam Rabi, Mushe Ari ya rasu. Bayan sallar asuba."

Na koma na ci gaba da rubutu a allo, ban san me nake rubutawa ba, har wata yarinya ta ce, "Madam, alli ya faɗi."

Wanda ba ya koyarwa a Diffa ba lallai ya san shi ba. "Mushe" daga faransanci ne, haka muke kiran malami namiji a nan. Konseye ne, wato tsohon malamin da ake turowa makarantu ya zauna a ajinka ya ga yadda kake koyarwa, in an tashi ya gaya maka inda ka gyara da inda ka ɓata. Ƙarshen shekarar karatun da ta wuce ya yi ritaya.

Tun safe nake ganin hotonsa a waya, kowa yana faɗin alherinsa. Ni ma zan faɗa. Amma gara in fara da gaskiya: ni da shi ba mu rabu yadda ya kamata ba. Akwai aikin da ya sa ni shekara ɗaya da wata biyu ke nan, ya rasu ban yi ba.

Ranar da na sauka garin nan daga Damagaram, da jaka ɗaya da takardar kama aiki, ban san kowa ba, Kanuri ko na gaisuwa ba na ji. Shi ya kai ni gidan ƙanwarsa aka ba ni ɗaki. Shi ya koya mini "wushe", gaisuwar Kanuri, ya ce in faɗa wa duk tsohuwar da na gamu da ita, sauran za su ƙarasa mini.

Da na ce bandar kifi wari take mini, bai yi musu ba. Sati ya zagayo sai ga kwali daga gare shi, kifin Bosso, wai in ɗanɗana tukun kafin in yanke hukunci. Yau ni ce ba na miya sai da shi.

Lokacin da mahaifiyata ta kwanta ciwo, kwana tara ya riƙe mini aji, da furfurarsa da muƙaminsa. Na dawo na tarar yara suna tambayata yaushe zan sake tafiya.

Makarantarmu tana bayan gari, wajen da mutanen da suka gudo daga ƙetaren kogin Komadugu suka zauna. Ajujuwan zana ne. Tun da aka hana babur, sai ya hau keke napep zuwa inda kwalta ta ƙare, ya ƙarasa da ƙafa cikin rairayi, ya iso yana haki yana dariya, farar hularsa a hannu.

In ya shigo aji ba ya zama kan kujerar da ake ajiye wa baƙo. Can baya yake wucewa ya naɗe ƙafa a tabarma tare da yara. Kuma ba ya kallon malami. Ka sa kayanka masu kyau dominsa, ka yi ta zuba faransanci, shi idonsa yana kan littattafan rubutun yara, kaye dai da muke cewa. Sai ya ce a miƙo masa waɗanda suka fi shan jan bik, wato jan biro.

Na taɓa tambayarsa dalili.

Ya ce, "Ɗiyata, rubutun yaro ai na mai koyo ne. Ni naki nake karantawa, jan nan."

A lokacin dariya na yi. Ban san wata rana da ni maganar take ba.

Bara, farkon shekarar karatu, aka kawo mini Yagana aji biyar. Iyayenta mutanen nan ne, amma a Damasak, a ƙetaren kogi, aka haife ta, can ta fara makaranta kafin su dawo. Doguwa ce, ba ta da surutu. Faransanci ba ta ji sai kaɗan, Hausarta ma a hankali take fitowa, ni kuma Kanurina bai wuce na kasuwa ba.

Muka shiga darasin rabawa.

Duk wanda ya yi lakwal, wato boko, a ƙasar nan ya san yadda muke yi. Ka ja layi a tsaye, ka ja wani a kwance, abin da za a raba yana hagu, kuma amsa tana dama, ƙarƙashin layin kwance. Ni da tarin kaye fiye da tamanin a cinyata kullum bayan la'asar, idona ya saba, wurin nan kawai yake zuwa. In ya ga amsa, maki. In bai gani ba, sifiri.

Yagana ba ta jan layinmu. Wani abu take zanawa kamar rumfa, ta sa lambar a ƙarƙashi, ta yi ta jera lambobi suna gangarowa, can ƙasa ta ƙare da sifiri. Na duba dama ban ga komai ba, na duba ƙasa na ga sifiri, na ce to, amsarta ke nan. Na ba ta sifiri, na rubuta mata da ja cewa ta sake.

Ta sake. Rumfa dai.

Na ƙara mata wani, na ja layi biyu a ƙarƙashinsa don ta san na gaji.

Wata rana na kira ta allo don in yi maganin abin gaban kowa. Ta ɗauki alli ta fara zana rumfarta. Ban bari ta rubuta lamba ko ɗaya ba, na sa tsumma na goge. Na ce, "Lissafi na ce ki yi, ba gini ba." Aji ya fashe da dariya. Ta juyo ta ce, "Madam, daidai ne." Na ce ta je ta zauna, ta daina mini gardama.

Daga ranar yara suka sa mata Mai Rumfa. Ina ji, ban hana ba.

Sati biyu bayan haka ta daina zuwa. Na tambayi 'yan unguwarsu, suka ce tana bin uwarta aikin tattasai a bakin kogi. Wallahi a raina har na ji sauƙi, kaye ɗaya ya ragu.

Sai ga Mushe Ari ya zo zagaye. Ya zauna a tabarma yadda ya saba, ya jawo kwalin kaye, ya yi ta buɗawa. Na ga ya daɗe kan guda ɗaya. Da aka tashi ya kira ni gindin bedi, wato darbejiyar da ke bayan aji, nesa da kunnen kowa.

"Mai wannan kaye tana ina?"

"Ta daina zuwa, Mushe. Dama ba ta ganewa."

"Zauna."

Ya miƙo mini bik ɗinsa da 'yar takarda. Ya ce in raba ɗari takwas da sittin da huɗu gida huɗu, yadda na saba. Na yi, na samu ɗari biyu da goma sha shida. Sai ya buɗe kayen Yagana ya ɗora yatsa a saman rumfar.

Ɗari biyu da goma sha shida.

Ya ba ni wani. Na yi. Ya nuna saman rumfa. Ya ba ni wani. Haka muka bi shafi goma sha ɗaya, gumi yana zubo mini ta cikin hijabi. Ko guda ɗaya ba ta kuskure ba.

Ya ce, "A ƙetare haka ake koya musu. Amsa a sama take zama. Sifirin da kike gani a ƙasa, cewa take ba abin da ya rage."

Na sake duba shafin. Sai ya tambaye ni.

"Kin taɓa ce mata ta nuna miki yadda ta yi?"

Na ce a'a.

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na fi jin sauƙi. Ya rufe kayen ya sa mini a hannu. Ya ce, "Ki gyara makin nan da hannunki, ki kai mata har gida. Ba ni ba, ba direkta ba. Ke kika sa jan, ke za ki cire."

Na ce to. Kuma har ga Allah na yi niyya. Na ce Lahadi zan je.

Asabar ɗin ne muke da taron malamai na wata-wata, makarantu shida a haɗe. Mushe Ari ya tashi ya je allo ya zana rumfar nan. Ya ce, "Wata malama a wata makaranta ta ba wannan sifiri sau goma sha ɗaya. Wa zai gaya mini kuskuren yarinyar?" Bai faɗi sunana ba. Amma kowa ya san inda ya je a satin, kowa ya san mai aji biyar a can. Wani abokin aiki ya waiwayo ya ce, "Damagaram, ashe jan bik ɗinki da gudu yake." Aka yi dariya.

Waɗanda suka san ni sun san halina. Ina da zuciya, kuma ba na ɗaukar a yi mini dariya cikin mutane. Ban jira an tashi ba na ɗauki jakata na fita.

Lahadi ta zo ban je ba. Na ce in na je, ya ci nasara ke nan.

Ku dubi wannan tunani. Tsoho ya ɓata mini rai, sai na huce a kan yarinya. Ni da aka yi wa dariya sau ɗaya a taron manya na kasa haɗiyewa, ban tsaya na tuna 'yar shekara goma sha biyu da na sa aji guda ya yi mata ba.

Ya kira ni a waya sau uku ban ɗauka ba. In ya zo makaranta sai in gaishe shi da faransanci, a tsaye, kamar baƙo. Shi kuma ya amsa da "ɗiyata" kamar ba abin da ya faru, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Abin kunyar, a ɓoye ina bin maganarsa. Na daina sa sifiri sai na kira yaro na ce, "Nuna mini yadda ka yi." A haka na gano wasu yara uku 'yan ƙetare masu yin rumfa. Na gano wani da yake kuskure wuri ɗaya tak kullum, cikin minti biyar muka gyara abin da na yi wata biyu ina ja wa layi. Aikina ya yi kyau har direkta ya yaba. Ban gaya wa Mushe Ari ba, don kada ya ji daɗi.

Kayen Yagana kuwa yana aljihun ciki na jakata. Na canza jaka, na mayar da shi cikin sabuwar. Da farko fushi ne ya hana ni zuwa, daga baya kunya. Kullum in ce an daɗe, me zan ce mata yanzu, gobe kuma ta fi yau daɗewa.

Ganina da shi na ƙarshe, sati uku da suka wuce ne, ranar kasuwa, wajen masu albasa. Ya rame, yana dogara sanda. Na so in zille, ya riga ya gan ni.

Ya ce, "Ɗiyata, gaisuwar ma sai an rubuto takarda daga anspeksiyo, ofishin ilimi?"

Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi aji. Sai ya ce, "Ranar taron nan na yi kuskure. Da na nemi izininki tukun. Ni hankalina yana kan sauran yaran ƙetare da ke sauran makarantu, na manta da ke kina zaune."

Na ce, "Ba komai, Mushe."

Ya ce, "Da komai mana. Shekara guda ba ki ɗaukar wayata. Me ya hana ki zo ki ce, Mushe, ka ɓata mini? Shekara talatin ina gaya wa mutane kuskurensu, ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya gaya mini nawa. Kin ga da na ƙaru."

Na sake cewa ba komai. Bakina ya cika da magana, amma abin da ya fito ke nan.

Ya dube ni ya ce, "Kayen yana nan?"

"Yana nan."

"To. Kaye ba ya lalacewa. Yarinya ce take girma."

Ya juya ya ci gaba da taya albasa. Na ce a raina hutun da ke tafe zan je wajen Yagana, daga can in wuce gidansa in gaya masa, in kuma gaya masa maganar yaran nan uku.

Yau da hantsi na je gidansa. An riga an fita da shi. Matarsa Ya Fanna ta kama hannuna ta ce, "Ke ce Rabi? Kullum yana cewa ɗiyarsa ta Damagaram tana fushi da shi, kuma da gaskiyarta."

Ban iya zama ba. Na fito na tsayar da keke napep na ce bakin kogi, wajen masu tattasai.

Tafiyar ba ta kai minti ashirin ba.

An shanya tattasai ja wur a fili, mata suna tsince na banza. Tun daga nesa na gane ta, ta ƙara tsawo har ta kusa kamo ni. Tana ganina ta miƙe, ta goge hannu a zane, ta haɗa ƙafa kamar muna aji. Ta ce, "Bonjur Madam."

Na zauna kan wani buhu na fito da kayen. Na buɗe shafi na farko, na soke sifirin, na rubuta goma bisa goma. Na buɗe na biyu. Tana tsaye tana kallo, uwarta ma ta bar aiki ta matso. Haka na bi su har na goma sha ɗaya.

Na ce, "Yagana, lissafinki daidai ne, duka. Ni ce ban duba ba. Ki yafe mini."

Ta ce, "Na sani, Madam. Baba mai farar hula ya gaya mini tun bara."

Na ce, "Ya zo nan?"

"Sau uku. Ya ce ke kika aiko shi."

Jama'a, ban aike shi ba. A lokacin ko wayarsa ba na ɗauka.

Uwarta ta karɓi maganar, da Hausarta mai nauyin Kanuri. Ta ce tsohon ya so ya mayar da Yagana lakwal da kansa, ya ce zai sa ta wani aji in tana so. Yarinya ta ƙi. Ta ce ba ta komawa sai Madam da ta goge mata allo ta faɗa da bakinta gaban yaran da suka yi dariya. Shi ne ya ce mata ta kwantar da hankali, Madam tana nan zuwa da kayen da kanta, aiki ne ya yi mata yawa.

Uwar ta ce, "Damina ta wuce tana jira. Aka koma lakwal tana jira. In ta ji keke ya tsaya a hanya sai ta miƙe."

Na ce to ga ni na zo, Litinin ta shirya, zan faɗa gaban kowa.

Yagana ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Waɗanda suka yi dariyar ai suna aji shida yanzu, Madam. Na yanzu ba su san ni ba. Kuma na fi su girma duka."

Na ce zan je aji shidan in faɗa, in dawo aji biyar in sake faɗa. Na ce ita za ta koya wa ajin rumfa, ni in koya mata layinmu don jarrabawa. Na yi ta magana, ni da bakina bai iya buɗewa a kasuwa ba. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta rungume kayen a ƙirji, ta ce za ta yi shawara.

Har na miƙe zan tafi sai ta biyo ni 'yan taku.

Ta ce, "Madam, ki gaya wa Baba kin zo. Zuwansa na ƙarshe da ƙyar yake tafiya, ya ce ba zai ƙara zuwa ba sai tare da ke. Ki ce masa ya zo Litinin ɗin, in yana nan zan iya shiga."

Uwar ce ta dubi idona ta gane, ta ɗora hannu a ka ta fara salati.

Na bar Yagana a tsugune cikin tattasai tana kuka, ni ma ban san yadda na kai hanya ba.

Yanzu na idar da magariba nake wannan rubutu. Ban san ko za ta zo Litinin ba. In ba ta zo ba, ba ni da wanda zan ɗora wa laifi, kuma ba ni da wanda zan je in tambaya yaya zan yi.

Ya Allah, ga bawanka Ari ya zo gare Ka. Ya rufa mini asiri gaban yarinya alhali ina gaba da shi, Ka rufa masa asiri duniya da lahira. Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa duk takun da ya yi cikin rairayin nan ya same shi a mizani. Ka ba Ya Fanna da 'ya'yansa haƙurin rashinsa. Ni kuma Ka yafe mini, don shi na makara ban roƙe shi ba.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kada ka tsaya a danna alamar kuka ka wuce. Ka yi masa addu'a da sunansa, ko Ƙulhuwallahu ƙafa uku ce. In ka gama, ka ƙara da Yagana, Allah Ya ba ta ƙarfin zuciyar shigowa aji ranar Litinin ba tare da shi ba.